Ruwa Ba Ya Jiran Izinin Kwamishina

A daren Litinin, wayewar garin Talata 10 ga Satumban 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa ya afka wa Maiduguri mutane suna barci. Kafin hantsi ruwa ya shanye Gwange da Fori da kewayen fadar Shehu, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga asibitin koyarwa na jami'a, ya raba gari gida biyu yadda na wannan ƙetare ba shi da hanyar isa ga na wancan. Ya rushe katangar gidan yari, fursunoni 281 suka fice. Ya kutsa gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya kashe mafi yawan dabbobin, ya kwashi kadoji da macizai ya watsa su cikin unguwanni. Cikin 'yan kwanaki mutum wajen dubu 400 suka bar gidajensu.

Tsaya ka lissafa aikin da ya faɗo a kan ɗan sandan Maiduguri a wannan safiya guda. Ana so ya sauko da tsohuwa daga kan rufin ɗaki. Ana so ya tsare shagunan da masu su suka gudu suka bari, domin duk inda aka yi gudun ceton rai akwai mai biyowa a baya da buhu. Ana so ya bi sawun fursunoni, ya hana motoci hawa gadar da ruwa ke ci, ya raba turmutsitsi a wurin rabon abinci, ya tsare sansanin Bakassi da aka sake buɗewa, ya rubuta sunan yaron da aka tsinta ba uwa ba uba. Alhali shi ma ɗan garin ne. Ruwan da ya ci gidan maƙwabcinsa bai tsallake nasa ba, matarsa da 'ya'yansa suna inda bai sani ba, wayarsa ba caji. Babban bala'i masu kai ɗaukin da ke wurin yake fara ci. Rundunar da da ƙyar take isar gari a ranar lafiya, ranar masifa aikinta ke ninkawa goma, ranar ce kuma ƙarfinta ke karyewa. Ba makawa sai ɗauki ya zo daga waje.

Maiduguri ta samu abin da sauran garuruwanmu ba su da shi. Shekara goma sha biyar na yaƙin Boko Haram sun tara mata sojoji da manyan motocinsu, da 'yan kato da gora da suka san kowane lungu, da ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji birjik. Su suka toshe giɓin da ya buɗe, kuma duk da haka akwai waɗanda suka kwana biyu, suka kwana uku ruwa na kewaye da su kafin a kai gare su. To ina ga Haɗeja? Ina ga Argungu, ko Numan, ko Gashuwa, ko Yawuri, inda ba a girke irin wannan runduna ba? Idan abin da ya samu Maiduguri ya sami ɗaya daga cikinsu da ƙarfe biyun dare, wa zai kira wa, a kan wace lamba, wa zai ba da umarnin tashi, wa zai zuba mai a mota?

Saboda waɗannan tambayoyi na ɗauki alƙalami, kuma ina jin lokaci yana ƙure mana ta fuska biyu. Ga damina da ke ƙara tsanani shekara bayan shekara. Ga kuma shirin kafa 'yan sandan jihohi da ake ta turawa gaba, ba tare da an zauna an rubuta yadda rundunar wannan jiha za ta kai wa waccan gudummawa ba. Idan aka yi rabon kafin a ƙulla wannan igiya, katangar da yau al'adar ofis ce kawai ta gina ta, gobe doka ce za ta tsaya mata.

Na ga katangar nan da idona. Wata shekara da damina muna dawowa daga ta'aziyya, gab da magariba, muka tarar da motar haya ta sauka daga titi ta faɗa rafi a gindin wata gada, gadar kuwa ita ce iyakar jihohi biyu. A bayanmu kaɗan akwai shingen 'yan sanda, mutum uku da babur ɗaya. A gabanmu, tafiyar da ba ta wuce minti goma ba, akwai gari a ɗaya jihar mai babban caji ofis da motar sintiri da babban asibiti. Sajen da ke shingen ya zo a guje, ya cire takalmi, ya naɗe wando ya shiga ruwa tare da mu. Muka fito da mutum bakwai muka shimfiɗe su a gefen titi. Na ce masa, "Yallaɓai, ba za ka kira na garin can su kawo mota ba?" Ya share ruwa daga fuskarsa ya ce, "Malam, wallahi ba ni da lambarsu. Ba jiharmu ɗaya ba. Sai dai in kira oga, shi kuma ya kira hedikwata." Hedikwatar tasa tana can tafiyar awa uku. Wata akori-kura mai ɗauke da albasa muka tare, muka ɗora su a kan buhuna. Wata mata da ta riƙe hannuna tana tambayata ko an fito da 'yarta ta cika kafin mu ga fitilun garin. Ban ga laifin sajen nan ba, har yau ina yi masa addu'a. Ya ba da duk abin da yake da shi, lambar maƙwabcinsa ce ba a taɓa ba shi ba.

Kakannina a ƙauye sun san abin da aka kasa koya wa wannan bawan Allah. Idan aka kore shanu da dare, masu bin sawu sukan bi har bakin gonakin gari na gaba, su kira mai garin su nuna masa inda kofato ya shiga ƙasarsa. Daga nan sawu ya zama amana a wuyansa, ko ya fitar da shi zuwa gari na gaba, ko ya amsa tambaya a gaban hakimi. Ba wanda ke cewa a jira takarda ta je birni ta dawo. Haka kururuwar gobara, wanda ya ji ta ya ɗauki tulu, ba ya tambayar unguwar wa ce ke ci.

Abin da zai ba mutum mamaki, a dokar da muke kai yanzu babu abin da ya hana sajen nan kiran ƙetaren gada. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Najeriya. Kakin da ke Badagry shi ne a Baga, ikon kama mai laifi bai ƙare a allon "sai kun dawo" na wata jiha ba. Matsalar tana cikin yadda aka ɗaure igiyoyin umarni, dukkansu sama suke kallo, babu mai kallon gefe. Baturen 'yan sanda na ƙaramar hukuma yana kai rahoto ga kwamandan yanki, shi kuma ga kwamishina, kwamishina ga Mataimakin Sufeto Janar na shiyya, daga nan sai Louis Edet House a Abuja. Kwamishina ba ya kwasar mutanensa ya tsallaka da su wata jiha don ransa ya so, sai sigina ta sauko daga sama. Jami'in da ya yi gaban kansa ya tsallaka, idan aka dace ba mai tuna shi, idan aka samu akasi shi kaɗai zai amsa tuhuma. Wanda ya ga an yi wa na gabansa haka sau ɗaya ya koyi zama inda aka ajiye shi. Daga nan aka samo maganar da duk wanda ya taɓa kai ƙara a garin iyaka ya sha ji: "Ba huruminmu ba ne."

Shiyyoyin 'yan sanda 17 ne tun da aka ƙara yawansu a 2020, kuma an yi su ne don su haɗa jihohi maƙwabta. Amma dubi inda layukan suka bi. Zamfara tana tare da Sakkwato da Kebbi a shiyya ta 10. Katsina da Kaduna suna shiyya ta 14. Neja tana tare da Abuja a shiyya ta 7. Dazuzzukan da suka fi ci mana tuwo a ƙwarya, daga Rugu zuwa Kuyambana da Kamuku, suna kwance daidai inda waɗannan shiyyoyi uku suka yi karo. 'Yan bindiga sun karanci wannan taswira fiye da yadda muke so mu yarda. Ranar 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina, yara 344 da aka sako bayan kwana shida daga dajin Zamfara aka karɓo su. Ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe na Kuriga a jihar Kaduna, 137 ɗin da suka dawo su ma a Zamfara aka same su. Ana ɗaukar yara a wata jiha, a kora su da ƙafa zuwa wata, domin masu korar sun san kowace iyaka da suka tsallaka ta saya musu sa'o'i. Ko a Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, abin da ya biyo baya shi ne matsawar ɓarayin zuwa maƙwabta, sai daga baya aka bi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato aka rufe. Jiha ɗaya ta matsa, ruwan ya ɓulla a gidan maƙwabci. Katsewar ta kuma tona wani asiri, jami'in tsaro da yawa ba shi da hanyar magana da ɗan'uwansa sai wayar da ke aljihunsa.

Haɗarin tankar mai ya fi komai nuna tsadar minti. Ranar 15 ga Oktoban 2024 da dare, tanka da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura a Jigawa. Mai ya malala cikin kwata, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki. 'Yan sandan da ke wurin sun yi ƙoƙarin korar mutane, aka fi ƙarfinsu. Da wuta ta tashi sama da mutum 150 ta ci, adadin ya yi ta hawa a asibitocin Ringim da Haɗeja da na gaba da su. Wata uku bayan nan, ranar 18 ga Janairun 2025, aka maimaita a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, kusan mutum ɗari suka ƙone. Tsakanin faɗuwar tanka da tashin wuta akwai ɗan lokaci, kuma a cikinsa ake ceton rai ko a rasa. Mutum biyar ba za su iya tare ɗaruruwan da talauci ya koro da jarka ba. Mutum hamsin da igiya da lasifika da motar kwana-kwana suna iyawa, in sun iso da wuri. Wa ya fi kusa, shi ne abin tambaya a irin wannan lokaci. Dikko a jihar Neja take, amma Abuja ta fi kusa da ita a kan Minna, iyakar Kaduna ma tana nan gaba kaɗan. Haka Mokwa, inda ambaliyar 29 ga Mayun 2025 ta share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa ta kashe sama da mutum 150: Ilorin ta fi kusa da ita a kan Minna, Jebba kuwa tana bakin ƙofarta, amma Kwara tana shiyya ta 8 da ke Lakwaja. Kogin Kwara kansa iyaka ne a wurare da dama. Jirgin ruwan da ya nutse a Warrah a Mayun 2021 daga Neja ya taso zuwa Kebbi, wanda ya kife da 'yan biki a yankin Patigi a Yunin 2023 daga Neja yake komawa Kwara. Wanda ke nutsewa a tsakiyar kogi ba ya cikin littafin kowa sai an tsamo gawarsa.

Kada wani ya ce rundunar ba ta iya kwasar jama'a daga jiha zuwa jiha ba. Ta iya ƙwarai. Kwana goma sha ɗaya bayan ɓallewar Alau, ranar 21 ga Satumban 2024, aka yi zaɓen gwamna a Edo, kuma hedikwata ta sanar da tura 'yan sanda dubu 35. An san ranar tun da wuri, an ware kuɗi, an rubuta sunaye, an tanadi motoci da wurin kwana, an naɗa babban jami'i guda da kowa zai saurara. Duk abin da nake roƙo shi ne a yi wa damina rabin wannan tanadi. Ita ma ai ana sanin lokacinta. Kowace shekara hukumar NIHSA mai lura da koguna tana fitar da hasashen ambaliya tun kafin ruwa ya sauka, da sunayen jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Mun ga 2012 da ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu, mun ga 2022 da ta kashe sama da 600. Hukumar NEMA tana nan tun 1999, tana da kundayen tsare-tsare, jihohi suna da nasu hukumomin agaji. Sai dai tsarin da ke cikin durowa a Abuja bai kai ga sajen da ke bakin gada ba, shi kuwa shi ne zai fara isa wurin.

A kan wannan rauni ake shirin ɗora sabon gini. Tun taron Shugaba Tinubu da gwamnoni a Fabrairun 2024 maganar 'yan sandan jihohi ta bar teburin muhawara ta kama hanyar zama doka, kuma mafi yawan gwamnoni sun goyi baya. Ba na cikin masu cewa kada a yi. Wanda ya ga yadda ƙauye ke kwana yana kiran ɗauki ba a zo ba, ba zai raina ɗan sandan da ya san hanyar garin da harshen mutanensa ba. Jihohi ma ba su jira ba: Amotekun a kudu maso yamma tun 2020, rundunar tsaron al'umma ta Katsina a 2023, Askarawan Zamfara a farkon 2024, Sakkwato ta bi sahu. Mun kuma taɓa yin 'yan doka a ƙarƙashin En'e kafin gwamnatin soja ta narkar da su cikin rundunar tarayya bayan 1966. Amma duk muhawarar da nake ji a kan abu biyu take, tsoron kada gwamna ya mai da su sandar dukan 'yan adawa, da tambayar inda albashi zai fito. Dukansu abin dubawa ne. Na uku da ba a cika tayarwa ba shi ne wanda zai ci rayuka a daren farko: ɗan sandan Jigawa da ya biyo ɓarawo ko ya kawo kwale-kwale cikin Yobe, da wane iko yake aiki? Idan ya harbi mutum a can, kotun wa za ta tuhume shi? Idan shi aka kashe, wace jiha za ta riƙe marayunsa? Idan gwamnonin biyu ba sa ga-maciji saboda jam'iyya, wa zai tilasta a kai ɗauki?

Ƙasashen da suka daɗe da rarrabuwar 'yan sanda da jini suka sayi amsar waɗannan tambayoyi, bai kamata mu sake saye da namu ba. A Amurka, lokacin guguwar Katrina a ƙarshen Agustan 2005, ruwa ya shanye birnin New Orleans, ya ci ofisoshi da motocin 'yan sandan birnin, hanyoyin sadarwarsu suka mutu. Jama'a, yawancinsu baƙar fata marasa mota, suka taka da ƙafa za su haye gadar kogin Mississippi zuwa busasshiyar ƙasa. 'Yan sandan garin Gretna da ke ɗaya ƙetaren suka tare gadar, suka yi harbi sama, suka mai da su cikin birnin da suka gudo. A ganinsu garinsu suke karewa, don shi ya ɗauke su aiki. Duk lokacin da na tuna wannan gada sai gabana ya faɗi, domin na san ƙasarmu, na san yadda kalmar "ɗan asalin jiha" da "baƙo" take da kaifi ko a ranar lafiya. Ka ƙaddara dubban mutane sun gudo daga ambaliya ko hari, sun iso iyaka da tabarmi a ka, rundunar da ke gabansu kuma gwamnan da ke biyanta ya ce jiharsa ta cika.

A cikin wannan guguwa dai aka ga ɗaya fuskar. Bayan guguwar Andrew ta 1992 gwamnonin kudancin Amurka sun ƙulla yarjejeniyar taimakon juna, majalisar ƙasar ta amince da ita a 1996 da sunan EMAC, yau duk jihohi 50 suna ciki. An rubuta komai tun ana zaman lafiya. Jihar da bala'i ya samu ita ke roƙo, ita ke biyan kuɗin aikin daga baya. Waɗanda aka turo suna nan ƙarƙashin shugabanninsu, amma mai masauki ke nuna musu inda za su yi aiki, kuma ba su da ikon kama kowa sai ya ba su. An faɗi wanda zai ɗauki nauyi idan an ji rauni ko an mutu. Ta wannan hanya mutum wajen dubu 66 suka shigo daga wasu jihohi a guguwar 2005. Ingila da Wales suna da runduna 43, dokarsu ta ba shugaban wata runduna damar tura wa wata gudummawa, ta kuma ba ministan cikin gida ikon tilastawa. Da tarzoma ta ɓarke a Landan a Agustan 2011, da taimakon rundunonin waje aka kai 'yan sanda dubu 16 kan titi a dare ɗaya.

Tara jama'a kaɗai ba ya wadatarwa, wannan ma an gani. Ranar 24 ga Mayun 2022 ɗan bindiga ya shiga makarantar firamare a Uvalde ta jihar Texas. Jami'ai 376 daga hukumomi daban-daban suka taru, aka shafe minti 77 kafin a fasa ajin, yara 19 da malamai biyu suka mutu. Kowa ya zo da bindigarsa, kowa yana zaton wani ne ke ba da umarni. A harin 11 ga Satumban 2001 a New York, bayan bene na farko ya rushe, jiragen 'yan sanda masu saukar ungulu sun hango na biyu yana shirin rushewa sun sanar da mutanensu, amma oba-obar 'yan kwana-kwana ba ta kama tashar 'yan sanda, 343 daga cikinsu suka mutu a ranar. Mu kuwa a wurin haɗari ɗaya za ka ga ɗan sanda, da soja, da sibil difens, da jami'in kiyaye haɗurra, da ɗan kwana-kwana, da hizba, da 'yan sa-kai, kowa da ogansa a waya. Ƙara musu runduna ta jiha, da wata ta jihar maƙwabta da ta kawo gudummawa cikin duhu da kakin da ba a saba gani ba. A daji irin namu, inda ɓarayi ma kaki suke sawa, rashin sanin juna kaɗai ya isa a buɗe wa juna wuta.

Don haka ina kira ga 'yan majalisar tarayya da na jihohi, waɗanda gyaran tsarin mulki ba ya wucewa sai da hannunsu: kada ku ɗaga hannu a kan dokar 'yan sandan jiha sai babin kai ɗauki yana cikinta, a matsayin wajibi da ba a bar wa ganin damar gwamna ba. Abu na farko da nake so in gani a babin shi ne a sakar wa na ƙasa hannu. Baturen 'yan sandan da ke garin iyaka ya samu ikon kiran takwaransa na ƙetare kai tsaye, shi kuma ya samu ikon tashi nan take, a sanar da manya ana kan hanya. Sa'ar farko ta na kusa ce. A rubuta cewa wanda ya tsallaka don ceton rai ko bin sawu mai zafi doka tana bayansa, kuma idan ya faɗi a can iyalinsa za su karɓi haƙƙinsa kamar a gida ya faɗi. A rubuta wanda ke riƙe da ragama a wurin da abin ya faru, mutum ɗaya, da sunan muƙaminsa, yadda ba za a tsaya gardamar girma a kan gawa ba. A haramta wa kowace runduna rufe hanya ga masu gudun bala'i.

Maganar mai da abinci kada a raina ta, don a nan gayya take watsewa. Kowa ya san motar sintiri nawa ke tsaye a caji ofis ba ko ɗigo a tankinta, ya san sau nawa mai ƙara ne ke sayen man da za a bi masa haƙƙinsa. Kwamishinan da ya san in ya tura mota ashirin ba mai mayar masa da ko lita ɗaya, zai tura biyu. Sai an ware asusu tun kafin damina, wanda ba a taɓa shi sai ranar, an kuma bar wa garin da ya ba da gudummawa isassun masu tsaro, kada a je kashe gobarar maƙwabci a dawo a tarar an yashe gida. Tasha ɗaya ta oba-oba da duk hukumomi za su iya haɗuwa a kanta ba ta fi ƙarfin ƙasar nan ba, lambar gaggawa ta 112 kuma a sa ta iya miƙa kira ga wanda ya fi kusa ko da a wata jiha yake. A ƙirga kwale-kwale da rigunan ruwa da ke kowace shiyya, a rubuta sunayen sarakunan ruwa da masunta, domin su ne ke nutso su ciro mutane tun kafin mai kaki ya iso.

Mafi yawan wannan ba ya ma buƙatar jiran majalisa. Sufeto Janar yana iya ba da umarninsa gobe, tunda har yanzu rundunar ɗaya ce a hannunsa. Gwamnonin arewa maso yamma da na arewa maso gabas suna da zaurukan da suke haɗuwa, su sa hannu a kan takarda ɗaya kafin ruwa ya sauka. A fara da kogin da aka san halinsa. Ruwan da ya taso daga Tiga da Challawa a Kano yana bi ta Wudil da Ringim da Auyo da Haɗeja, ya ratsa fadamun da ke tsakanin Jigawa da Yobe, ya wuce Gashuwa da Gaidam, ya zama iyaka da Diffa a Nijar. Kwamishinoni uku ke nan, shiyya ta 1 da ta 15, da wata ƙasa, kuma ruwan kwanaki yake yi a hanya, wanda ke sama yana da lokacin gaya wa na ƙasa. Haka Binuwai idan Kamaru ta buɗe Lagdo, daga Yola da Numan har Makurɗi da Lakwaja. Ta ɓangaren Nijar abin ya ƙara wuya tun da ta fice daga ECOWAS, ta kuma janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi a 2025, amma Gulbin Maraɗi bai daina fita daga ƙasar Katsina ya ratsa Nijar ya dawo Rima ba, kuma jami'in Jibiya da na Ɗan Isa suna iya riƙe lambar juna ko manyansu suna fushi. A tara waɗannan mutane wuri ɗaya a watan Mayu, a yi atisaye da kwale-kwale na gaske a ruwa na gaske, su ci abinci a faranti ɗaya, kowa ya san fuskar wanda zai kira da tsakar dare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kai ma mai karatu da kake zaune a garin iyaka ko bakin kogi, akwai abin da ke hannunka. Ku tashi da mai unguwa da limami da shugaban 'yan kasuwa ku je wurin baturen 'yan sandanku, ku tambaye shi cikin ladabi ko yana da lambar takwaransa na jihar da ke maƙwabtaka da ku, da ta asibitin da ya fi kusa, da ta 'yan kwana-kwana. In babu, ku nemo ku kai masa, ku rubuta a bangon ofis da na fadar hakimi. Ku tambayi ɗan majalisarku abin da dokar da zai sa wa hannu ta ce game da ranar da jiharku za ta buƙaci ta kusa da ita.

Kwanan baya na sake bi ta gadar nan. An gyara ƙarfen gefenta, shingen yana inda yake, da wasu samari uku da ban sani ba. Na tsaya muka gaisa, na tambaye su ko suna da lambar na ƙetare. Ɗaya ya ce yana da ta wani kofur, sun taɓa haɗuwa a wurin mai shayi ranar kasuwa. Ya lalubo ta a wayarsa ya nuna mini. Sauran biyun ba su da ita, shi kuma ya ce an gaya masa bayan Sallah za a yi masa canjin wurin aiki.